Waken da Na Ɗaure da Hannuna

A duk faɗin Ƙanƙara, har ka dangana da Sabuwa, babu wanda ya kai ni sanin ajiyar wake. Haka na riƙa faɗi a teburin mai shayi bayan na dawo daga bita a Katsina, inda aka koya mana adana wake a buhu mai leda biyu a ciki. Ba a sa magani. Ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya shaƙe ya mutu. Sharaɗin ɗaya ne: kada buhun ya huje.

Alhajin da nake wa tsaron sito shi ya tura ni, ya kuma yi mani alkawarin riƙon sabon sitonsa na Faskari in waken ya kai damina lafiya. Na ɗaure buhunan nan har yatsuna suka koma kamar rogo.

Abin da masu bitar ba su sani ba, don ba su taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ba, shi ne Alhaji ba ya wuce buhu bai soke shi ba. Akwai ƙarfen nan mai kwarmi da 'yan hatsi ke cakawa su ga ƙwaya. Nasa ko masallaci da shi yake zuwa.

Na shigo wata safiya na tarar yana bin layi, cak, cak, kamar mai yi wa shanu allura.

Na ce, "Alhaji, don girman Allah, iska ce ke shiga."

Ya ce, "Malam, iskar a ina za ta kwana? Ni da ban ga wakena ba sai in yarda da leda?"

Dillalan ƙauyen Mabai suka zo taya waken, su ma kowa da ƙarfensa. Na yi bayani har maƙoshina ya bushe. Na bi ramukan da salatif ina liƙewa, suna bayana suna buɗe sababbi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. An kwashe ni an cika mani kai da ilimi, mai ƙarfen kuwa an bar shi a gida ko sannu ba a koya mashi ba.

Da ruwan farko muka kwance. Ƙwarin da suka tashi sai da suka rufe rana. Waken ya zama gari, ko alale ba sai an kai niƙa ba.

Na fara jawabi a kan iska da leda. Alhaji ya damƙi garin, ya hure shi daga tafinsa, ya ce, "Siton Faskari na ba direbana. Shi bai yi bita ba, amma bai taɓa kiwata mani ƙwari ba."