Sawun da muka ɗauko a bayan Farin Dutse

Mun tashi daga Birnin Kudu ana idar da sallar asuba, mu uku, maza biyu da mace ɗaya, ɗaliban difloma a fannin nazarin laifuka da shari'a. Malaminmu ya ce mu nemo sawu na gaske, mu zuba masa farin garin nan da ake ɗaure karaya da shi a asibiti, mu kawo masa siffar ƙafar. Rabin makin darasin a kanta yake. Ni ne babba, na bar koyarwa a firamare na dawo benci da furfura, don haka ni aka rataya wa jaka.

Motar Gwaram irin wadda ake shiga da alwala ce. Kuɗin mota ya ƙaru, wurin zama bai ƙaru ba. A tashar Gwaram muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, a nan muka ji ana zancen satar riɗi a wani ƙauye bayan Farin Dutse. Kowa ya jajanta, mu kuwa, Allah ya yafe mana, murna muka yi. Muka hau acaɓa.

Mai gonar ya kai mu wurin. An kife ƙwarya a kan sawun don kada awaki su ɓata shi. Da ya ɗaga, sai ga ƙafar dama, ba takalmi, ta nutse a danshin ƙasa, ƙaramin yatsa babu. Muka tambayi jama'ar da suka taru ko akwai wanda ake zargi. Kowa ya ce Allah ne masani.

Na dama garin na zuba. Tun ina zubawa jama'a suka fara ja gefe. Mata suka janye 'ya'yansu. Wani dattijo ya riƙa ja da baya yana share nasa sawun da sanda, sai ga sauran ma suna jan ƙafa a ƙasa. Mai gonar ya ce, "Malam, riɗi na ce an sace mini. Ban ce a taɓa lafiyar kowa ba."

Sai a lokacin na tuna abin da kowa ya sani kafin ya shiga makaranta: wanda aka ɗebi sawunsa aka kai wa boka, ya yi sallama da ƙafarsa. Na yi musu bayani da kalmomin littafi. Suka saurara da ladabi, irin sauraron da ake yi wa mahaukaci mai riƙe da wuƙa. Muka ɗauki abinmu. Babu wanda ya raka mu.

Muna tashar Gwaram bayan la'asar, muna jiran mota ta cika, wata tsohuwa ta zo ta durƙusa gabana tana haki.

"Malam, abin da kuka ɗauko, ku ba ni."

"Inna, aikin makaranta ne, ba asiri ba."

"Na yarda. Amma tun da kuka tafi ya kasa taka ƙafar. Yana da iyali."

Ba ta ce wane ba, ni ma ban tambaya ba. Abokin tafiyarmu ya raɗa mini zancen maki, amma 'yar ajinmu ta riga ta zuge jakar. Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu, ta shafa gurbin yatsan da babu.

"Fartanya ce ta sare shi," in ji ta, "yana ƙarami."

Ta naɗe farar ƙafar a mayafi, ta rungume ta kamar jariri, ta bi hanyar da ta fito.

Mota ta cika, muka koma Birnin Kudu hannu wofi. Washegari malam ya saurari labarin, ya ce mai daɗi ne, ya ba mu sifili.

Ga abin da tafiyar ta koya mini. A littafi, sawu abu ne da mai laifi ya bari a baya. A can kuwa bai bar shi ba, jikinsa ne har yanzu, kuma ƙauye guda ya gwammace riɗi ya salwanta da a taɓa shi. An koya mana yadda ake ɗaukar shaida, ba a koya mana yadda ake mayar da ita ba. Sifilin bai dame ni ba. Abin da yake damuna shi ne har yau ban sani ba ko mutumin ya sake taka ƙafar.