Yadda Ƙwaryar Ruwa Ta Tayar Da Mahaifiyata

Shekarun baya, da ana raba kyautar dabara tsakanin Bodinga da Shagari, ni zan kwashe duka har da tabarmar alƙalai. Haka na yarda da kaina, har ranar da mahaifiyata ta zame a bakin rijiya.

Ba ta karye ba, amma tsoro ya shige ta. Matar da take takawa har fadama ta duba albasarta ta koma ko ƙofar ɗaki sai an riƙe ta. A asibiti aka ce in ta ci gaba da zama, ƙafar za ta mutu gaba ɗaya. Suka koya mini motsa jiki in nuna mata.

Na zo tsakar gida na tsaya da ƙafa ɗaya, tumbi yana rawa. Ta ƙare mini kallo, ta juya wajen matata: "Ke, mijin nan naki lafiya shike?"

Sai na sake salo. Na ja layi da toka, na ɗora wa 'ya'yana mata ƙwarya cike da ruwa a ka, na ce wadda ta kai ƙarshe ba ta zubar ba tana da tsire. Suka dinga jiƙa kansu, ana shewa.

"Mi aka yi haka?" in ji Inna daga kan tabarma. "Wuya a miƙe! Ido gaba! Ku ba ni nan!"

Ta tashi dafe da bango. Ranar rabin ƙwarya ta ɗauka, ni ina bin ta a baya. Kafin wani lokaci tsofaffin maƙwabta sun shigo gasar, kullum bayan la'asar gidanmu sai gardama da dariya.

Da aka yi sunan jikarta a Horo Birni, da ƙafarta ta taka daga bakin hanya har cikin gida, ba sanda, ba mai riƙo. Na gane tsoho ya fi jin a zo neman iyawarsa da a zo lallashinsa.

Ina cikin ba jama'a labarin hikimata a wajen sunan, sai ta leƙo:

"Kai wanga, rage cika baki. Tun ranar farko na gane wayonka. Na dai tashi ne don kar jikokina su gaji tafiyar ubansu."