Ranar da Na Yi Magana a Kan Ɗan Farina

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, amma akwai wata safiya a Karakkai da ba za ta fita daga raina ba. A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau ne. Na yaye ɗan farina ke nan, sai gudawa ta kama shi.

'Yan yanzu ba za su gane ba. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukai. Yaron yana hannun uwar mijina, kullum da safe tana ɗura masa jiƙon filasko, ganyen nan mai sa zawo, wai a wanke dattin nono. Ni dai ina aikina, ina satar kallo, ina riƙe kome a zuci.

Ana haka wani malami daga Tsafe ya sauka a zaurenmu. Yana da littafin magani na Larabci, rubutun hannu, irin wanda masanan Musulmi na da suka bari. Mijina ya shigo da malamin cikin gida. Malam bai ko buɗe littafin ba tukuna. Ya duba idon yaron da harshensa, ya ja fatar cikinsa ya saki, sannan ya juya ga uwar mijina.

"Inna, kwana nawa?"

"Jiya-jiyan ga ne, Malam. Datti ne, ƙaro muna mai wankewa."

"Fitsari fa?"

"Wa ke bin fitsarin yaro? Ni da na goyi tara!"

Malam ya ce abin da hannunsa ya ji bai yi kama da ciwon kwana ɗaya ba, kuma a karatunsa ba a ba da magani sai an tambayi wanda ya fi sanin majinyaci. "Ina uwar yaron ga?"

Uwar mijina ta yi dariya. "Ɗan fari ne, Malam. Gara ka tambayi turmin da take daka."

Na jingine taɓarya. Na durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa. "Kwana shida ne, Malam. Bai yi fitsari ba tun hantsin jiya. Kuma kullum ana ba shi filasko."

"Ashe marar kunya muka ɗauko," in ji uwar mijina.

Sai a lokacin Malam ya buɗe littafin, yana bi da yatsa. Ya ce jikin yaron ya bushe, a daina jiƙon nan take. Abinci za a fara gwadawa kafin magani: ruwan dafaffiyar shinkafa da ɗan gishiri, kaɗan-kaɗan, ba fashi. Ya ƙara da cewa a miƙa yaron ga wadda ta san kwanakin.

Washegari da la'asar yaron ya jiƙa mini zani da fitsari. Ban taɓa murna da wanki irin ta ranar ba.

Uwar mijina ta yi wata guda tana amsa gaisuwata da hanci. Yaron kuwa yau yana da jikoki.

Kunya tarbiyya ce, ban raina ta ba. Amma na koyi cewa idan mai magani ya yi tambaya, wanda ya sani shi ya kamata ya amsa, ko da za a zage shi.