Yadda Bayanan Ƙungiyarmu Suka Yi Gadin Dawa

Shekarun da nake koyarwa a firamaren garinmu, can gefen Tsiga, ni ne kuma sakataren ƙungiyar manoma. Ba don na fi kowa noma aka zaɓe ni ba, gonata ko akuya ba za ta ƙoshi a cikinta ba. Na dai taɓa zuwa kwas a Funtua, na koyo buga kwamfuta da yatsa biyu.

Wata hukumar tallafa wa manoma ce ta ba mu kwamfuta, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan, ta haɗa mana da sharaɗi. Duk bayanan 'yan ƙungiya, sunaye da girman gonaki da irin da aka raba da hotuna, dole a adana su shekaru masu yawa, kwafi biyu a wuri biyu. Ƙungiyar da ta ɓatar da nata ba za ta sake ganin ko ƙwayar taki ba. Shugabanmu dattijo ne mai sayen auduga, kowa Alhaji kawai yake ce masa. Da na karanta masa takardar sai ya cire hula ya share zufa, ya ce, "Malam Sakatare, wannan ai amana ce. A kawo min su hannuna."

A lokacin a faifan filofi ake zuba bayani, wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu kamar biskit. Na cika da yawa na kai masa. Alhaji ya adana su yadda ya san ana adana abu mai daraja, wato yadda ake adana irin wake. Ya samo akwatin ƙarfe ya shimfiɗa toka, ya zuba ganyen dogonyaro, ya jera faya-fayan, ya watsa busasshen barkono a kai.

Na ce, "Alhaji, ƙwaro ba ya cin wannan abin."

Ya ce, "Ba kai da bakinka ka ce min akwai ƙwayar cutar da ke kama kwamfuta ba?"

Ya garƙama kwaɗo.

Da aka fara yayin faifan sidi, na ɗaure kwamfutar a bayan babur na kai wani shagon buga takardu a Funtua, aka kwafe komai. Wannan kwafin na biyu ma'ajinmu na miƙa wa, mutum ne mai shiru-shiru wanda ko igiyar buhu ba ya jefarwa. Na ce ya ajiye nesa da ofis, inda babu danshi, inda iska ke shiga. Ya ce an gama. Ita kuwa kwamfutar tsawa ta kashe ta a wata damina, muka lulluɓe ta da tabarma, kowa ya koma harkarsa. Shekaru suka shuɗe, har furfura ta fara leƙo min.

Da kaka, dawa ta fara nuna, sai ga wata ma'aikaciyar hukumar ta iso duba ajiya. Hajiya ce mai ƙananan shekaru, da gilashi da wata siririyar kwamfuta a jaka. Alhaji ya sa babbar riga, ya sa aka ɗauko akwatin aka dire a gabanta. Yana buɗewa ƙaurin barkono ya tashi. Hajiya ta yi atishawa, ni ma na yi, Alhaji yana ta raba mana "yarhamukallahu" har sai da abin ya lafa. Ya zaro faifai ɗaya ya kaɗe tokar ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Bayanan ne. Duba, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ba."

Ta ce ta taɓa ganin hotonsa dai, amma kwamfutarta ba ta da bakin da zai shiga. Alhaji bai yarda ba. Ya karɓi kwamfutar ya zagaye ta da ido, ya gwada kusurwar faifan a kowane rami. Da ya ga ya ƙi, sai ya tambaya ko in aka naɗe shi biyu zai shiga. Da sauri na ƙwace.

Muka cika motar Hajiya muka nufi Funtua neman na'urar da za ta karanta. Shagon da ya kwafe min a da ya koma wurin cajin waya. Wani ya tura mu wurin wani, har muka dangana da wani mai gyaran rediyo a bayan kasuwar hatsi. Da ya ji buƙatarmu sai ya miƙe tsaye, ya nuna abin da yake zaune a kai. Ashe tsohuwar kwamfuta ce ya ɗora mata matashi.

Ya tayar da janareta ya haɗa wayoyi. Kyankyasai suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, Hajiya ta tattare mayafinta ta koma bakin ƙofa. Can gilashin kwamfutar ya kawo haske. Aka tura faifan, na'urar ta ɗauki gurnani kamar injin niƙa ya haɗu da tsakuwa. Sai wani rubutu ya fito da Turanci.

Alhaji ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Tana tambaya ko a wanke faifan."

Ya ce, "Yauwa, mai hankali. Ta ga tokar. Ka ce mata ta wanke."

Har ya kai yatsa, Hajiya ta yi ƙara daga bakin ƙofa. Sai da muka daɗe muna yi masa bayani cewa wankin kwamfuta shi ne shafe komai. Ya ja da baya yana salati. Muka gwada sauran, duk amsa ɗaya. Na ƙarshe ma ya maƙale ya ƙi fita, mai gyara ya zaƙulo shi da cokali.

Hajiya ta ce, "To ina kwafi na biyu?"

Nan na samu bakin magana. Na ce ai wannan a sidi yake, kuma yana hannun mutumin da bai taɓa ɓatar da komai ba. Muka juyo gida. Iyalin ma'aji suka ce yana gona, muka bi shi.

Tun daga nesa na hango gonar tana walƙiya. Da muka matso sai na ga igiyoyi an ja su daga wannan kara zuwa wancan, faya-fayai na reto a jiki, iska na juya su, hasken rana na tartsatsi a kan zangarniyar dawa. Ma'aji ya fito daga cikin dawa da fara'arsa.

Na ce, "Malam, ina ajiyar da na ba ka?"

Ya ɗaga hannu ya nuna sama. Ya ce, "Ga su nan, babu wanda ya ɓata. Ka ce nesa da ofis, inda iska ke shiga. In an girbe nakan kwance su in mayar ɗaka. Tun da na fara rataya su, tsuntsun jan-baki bai sake sauka a gonar nan ba."

Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya ya dubi zangarniyar, manya-manya babu inda tsuntsu ya taɓa. Ya rage murya ya ce, "Duka tsuntsayen suke gudu, har da kurciya?"

Hajiya ta zauna a kan kunya tana dariya har da hawaye.

Matsalar ita ce ba namu kaɗai ne a igiyar ba. Ma'aji ya haɗa da na wa'azi da na waƙoƙin biki da ya tsinto, rana kuma ta cinye rubutun da na yi a jiki. Dole muka kwance duka muka zuba a buhu. Washegari muka koma Funtua muka samu mai na'urar sidi. Wannan ya ƙi buɗewa, wancan ya saki kiɗan kalangu a tsakiyar shago. Ɗaya ne kawai namu da ya buɗe, shi ma hotuna ne. Ga Alhaji tsaye a gonar auduga, gemunsa baƙi wuluk, cikinsa a shafe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a wanko masa babba.

Hajiya ba ta tsananta ba. Ta rubuta cewa an adana, amma ba ya karantuwa, ta ce mu tara 'yan ƙungiya kowa ya faɗi nasa a sake shigarwa.

Ranar taron na zauna da aron kwamfuta a gindin ɗorawa, mutane suka yi layi. Nan na gane gonaki ma suna girma in an daɗe ba a auna su ba. Wanda na san gonarsa ba ta wuce a yi mata huɗa kafin azahar ba ya ce tasa ta kai bakin rafi. Maƙwabcinsa ya ce in haka ne tasa ta tsallake rafin. Wani tsoho ya rantse ba a taɓa ba shi iri ba, aka tuna masa a kan jakinsa aka kai na unguwarsu. Da na haɗa jimla, gonakin ƙungiyarmu sun shiga ƙasar Danja.

Na nuna wa Alhaji. Ya duba ya girgiza kai, ya ce mutane ba sa tsoron Allah. Ya sa aka yi shela cewa ranar Asabar za a fita da igiyar awo gona-gona, kuma da tasa za a fara. Kafin la'asar rabin layin sun dawo wurina, kowa ya ce yana jin ya ɗan yi kuskure a lissafi. Ana watsewa Alhaji ya matso kusa da ni, ya ce in ɗan duba tasa ma, kamar akwai gyara.