Mamacin da Ke Biyan Kuɗin Wuta

Shekara ashirin da shida Inna Mai Ƙanƙara ta yi tana sayar wa mutane ruwan da ya daskare. Firiza biyu gare ta a baranda. Da asuba take ƙulla ruwa a leda, kafin rana ta take masu lemo da masu kifi sun jeru a ƙofa da kulolinsu. Da wannan sana'a 'ya'yanta mata uku suka yi makaranta, da ita aka sha magani, da ita aka rufa wa maigida asiri.

Maigidan direban babbar mota ne, mai fara'a, mai kyauta idan yana waje. Ranar da aka jawo wa gidan wuta shi ya je ofis ya sa hannu, ya dawo yana ba da labari kamar shi ya ƙirƙiro lantarki. Daga ranar bai sake sanin hanyar ofishin ba. Inna ce duk farkon wata take yafa mayafi, ta bi layi, ta biya, a miƙo mata rasit ɗauke da sunansa, ta dawo ta jefa a gwangwanin madara.

Da ya rasu ba ta canja sunan ba. Canjin suna yini guda yake ci a ofis, ƙanƙara kuwa ba ta jiran kowa. Don haka marigayi ya ci gaba da biyan kuɗin wuta har shekara tara, ko sau ɗaya bai makara ba.

Gidan na mahaifinsa ne. Wansa, wanda kowa ke kira Babban Yaya, ya tashi wata rana ya sayar, ya yi rabon da shi kaɗai ya gane lissafinsa. Abin da ya iso hannun Inna ya kama mata hayar ɗaki biyu a bayan kasuwa, ya biya motar kaya, ya ƙare. Sabon wurin babu mita. Firizojin suka zauna a kashe, murfi a buɗe, suna warin roba. Babban mai sayenta, wani mai kifi, ya ce zai jira ta mako guda saboda mutunci, bayan haka kifi bai san mutunci ba.

A ofishin wuta ta tarar da wata ma'aikaciya mai gilashi, sa'ar autarta.

"Mama, sabon mai buɗe layi sai ya ba da kuɗin ajiya. Da firiza biyu, kuɗin wata uku ne."

"Ajiyar me? Ni na ce ku ajiye mini wani abu?"

"Ko da mutum zai sha wuta ya gudu."

"'Yar nan, dubi gwiwar nan da kyau. Ina za ta gudu?"

Ma'aikaciyar ta danne dariya, ta ce akan yafe wa wanda ya shekara yana biya a kan lokaci. Inna ta ɗora gwangwaninta a kan kanta ta buɗe. Yarinyar ta zaro rasit biyu, ta danna kwamfuta, ta gyara gilashi.

"Kai! Wannan bawan Allah ko manajanmu bai kai shi ba. Sai dai shaidar tasa ce, ba taki ba. A wurinmu ke baƙuwa ce. Ya zo da kansa mana."

"Zai yi wuya. Ko da yake da rai ma ba ya zuwa."

Da ta gane maganar, ma'aikaciyar ta yi ta'aziyyar da ta makara da shekara tara, ta shiga ciki, ta dawo da fom. Matar mamaci tana iya gadar layin mijinta tare da shaidarsa ta biya, a yafe mata ajiya. Sharaɗi ɗaya ne: babban magaji ya sa hannu cewa dangi ba su da ja.

Inna ta fito tana tauna zancen. Ko ta samo hannun Babban Yaya, ko ta sayar da firiza ɗaya ta biya ajiya, firiza ɗaya kuwa ba ta ƙosar da mai kifi. Babban Yaya kuma mutum ne da ko tsohuwar tsintsiya aka ce gado ce sai ya ƙirga tsinkayenta.

Ta same shi a ƙofar sabon gidansa, kan kujerar roba, rediyo a cinya. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi ciwon ƙafarsa, ta miƙa takarda. Ya riƙe ta nesa da ido ya tsinci kalma ɗaya.

"Gado? Ashe akwai abin da ya rage ba a faɗa mini ba?"

"Akwai, Yaya. Sunansa a ofishin wuta."

"To ai ba a yin haka. Abin da ɗan'uwana ya bari na dangi ne. Nawa ne a ciki?"

"Ban zo cin haƙƙin kowa ba. In kana so, ka karɓa. Sun ce wanda ya karɓi sunan, shi zai ɗauki duk abin da ke rubuce a kansa, tun daga ranar da aka jawo wuta."

Babban Yaya ya rage muryar rediyo. Ya san ƙaninsa tun yana rarrafe. Ya tuna mai sayar da taya da mai shago da wani bakanike da suka zo gaisuwar rasuwa kowa da 'yar takardarsa a aljihu. Shekara ashirin da shida na wuta, da sunan wannan mutumin!

"Sun duba a kwamfuta?" ya tambaya a hankali.

"Sun duba. Yarinyar har sai da ta ce kai, ta tashi ta shiga wurin manya."

"Ke ce matarsa," in ji Babban Yaya, yana laluben biro. "Ke kika zauna da shi, ke kika san halinsa. Mu ba ma shiga tsakanin miji da mata." Ya sa hannu, ya ƙara da dangwala yatsa ba a tambaye shi ba, ya ce ko sunansa kada ta ambata a can.

Inna ta ce in Allah ya yarda ba za ta ambata ba.

Washegari ma'aikaciyar ta buga hatimi, ta ja layi a kan gurbin kuɗin ajiya. "Allah ya jiƙan Baba," ta ce. "Irinsu masu amana sun yi ƙaranci."

Inna ta amsa da amin, don addu'a ba ta ɓaci ko an yi ta bisa kuskure.

Ran kwana na shida aka kafa mita. Firizojin biyu suka ɗauki gurnani. Mai kifi ya zo da kularsa ran na bakwai, ya matsa leda ɗaya da yatsa, ya ce ba ta gama daskarewa ba, a yi masa ragi.

"Ajiye ta," in ji Inna. "Ka dawo da la'asar ka biya cikakke."