Girgije Biyu a Kan Gonar Baba

Shekarar da aka rufe ramin uraniyom ɗin da mahaifina ya tsufa a cikinsa, na zo hutu Arlit daga Yamai, inda nake karatun kimiyyar yanayi. Magana ɗaya na tarar a gidan: Baba ya sayar da gida ya koma noma a ƙauyensu na wajen Tawa, ko ya zauna? Ni kam ba na so ko kaɗan. A Arlit aka haife ni, ƙauyen kuwa a bakin mutane na san shi.

Wata la'asar ya jawo tabarma kusa da ni, ya nuna ordinatar, wato kwamfutar da ke cinyata, da haɓa.

"Ɗiyata, an ce abin ga shina ganin shekarun da ba su zo ba. Duba mini, ruwa za su ƙaru wajenmu, ko raguwa za su yi?"

Ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, don abin da ya hana ni sakat a karatun ke nan. Na'ura ba ta bin sama a jere kamar ido. Tsalle take yi: ta lissafa zafi da iska da danshi, ta tsallake wani ɗan lokaci, ta sake lissafawa. Faɗin tsallen mu muke zaɓa, kuma mukan faɗaɗa shi don aiki ya yi sauri. Ina da sakamako biyu na yankin ƙauyensu. A na tsallen rabin awa, girgije yakan haɗu ya juye ruwansa gaba ɗaya. A na minti biyar, sai ya yi ta jan jiki yana yayyafi, wani ruwan ma ya ƙone a iska kafin ya taɓa ƙasa.

Zuciyata ta ce in nuna masa na biyun kawai, mai alamar fari, ya haƙura da tafiyar. Amma ni ba na iya ganin abin mamaki in yi shiru. Na buɗe masa duka biyun.

Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. "Ƙasa guda? Rana guda?"

"Komai ɗaya, Baba. Agogon kawai na canza."

"To, girgijen ya san ana ƙirga mishi lokaci?"

Na fashe da dariya. Inna, wadda ke dama fura a gefe, ta ce ai ko fura, in ka tuttula mata ruwa lokaci guda daban take da wadda aka zuba wa kaɗan-kaɗan. Baba bai ko waiwaya ba. Ya tambaya in an ƙara rage tsallen fa? Na ce amsar takan sake gusawa, kuma malamanmu ma suna kan nema. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai, har da tafa hannu.

Ni kuwa a raina murna nake, wai rashin tabbas zai zaunar da shi.

Ya cire tabarau ya naɗe. "Tunda shi ma bai sani ba, ni za ni tahi in gani. Duk ɗan ruwan da anka yi garin ga ina ƙarƙashin ƙasa, sai na hito a ba ni labari. Ko wanne girgijen ya zo, ina son ya iske ni tsaye a gona."

Na rufe ordinatar. Raina bai so ba, ga shi kuma na san gaskiyarsa. Washegari da hantsi ya aika aka kira dillalin gidaje.