Tsakanin Niƙa da Tela

Autata ma'aikaciyar jinya ce a Rano. Tana da miji da 'ya'ya, tana kuma da wani ɗan littafi mai baƙin bango da ba ta rabuwa da shi, kamar laya. Ni ban taɓa zama gaban allo ba balle benci, amma Allah bai hana ni ido ba. Na lura kowace safiya sai ta jera ɗigo-ɗigo a cikinsa kamar kashin ƙuda, kowane da ɗan rubutu a gabansa. Aikin da ta gama sai ta soke ɗigonsa, wanda ya gagara ta yi masa kibiya ta tura shi gobe. Wai da haka mai hidima da yawa ba ya mantuwa. Mu da muka yi noma da surfe da goyo a rana guda, wa ya ɗiga mana?

Duk Juma'a takan hau babur ta zo Durba gaishe ni. Wata Juma'ar ta durƙusa, mun gaisa, ko ruwan da na miƙa mata ba ta sha ba, sai na ga ta zaro littafin ta ja biro.

Na ce, "Auta, me kika soke?"

Ta yi 'yar dariya. "Ke ce, Inna."

"Ni? To wa ke samana?"

"Kai niƙa."

"Ƙasana fa?"

"Karɓo ɗinki wurin tela."

Wato ni da na yi naƙudarta ina tsakanin injin niƙa da tela! Na ce ta cire ni. Uwa a zuci ake riƙe ta, wanda sai takarda ta tuna masa da uwarsa ya sha zamansa. Ta buɗe baki za ta yi bayani, na ɗaga mata hannu. A gabana ta goge.

Juma'a ta zagayo, na dama fura na rufe da faifai. Har la'asar babu ƙarar babur. Ta gaba ma haka, sai waya da yamma: "Wallahi Inna, sai yanzu na tuna yau Juma'a." Maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya zama a rufe, ta leƙo ta katanga tana cewa, "Hajiya, yau ma kaji za su sha furar likita?"

Da abin ya ishe ni na yafa mayafi na tafi Rano da kaina, in ji ko lafiya. Na same ta ta dawo daga aiki, takalmi ɗaya a ƙafa, tukunya na ƙonewa, ƙaramin ɗanta yana tsala ihu, ana sallama a ƙofa wai maƙwabciya na naƙuda. Na zauna ina kallo. Yaran zamani sun ɗebo wa kansu abin da kai ba ya ɗauka, sannan su ba takarda ajiyar hankalinsu. Littafin na kan tabarma a buɗe.

Na ce, "Nuna min inda Juma'a take."

Ta nuna. Na shafa babban yatsana a gindin tukunyar da ta ƙone, na dangwala a can sama, bisa kan niƙa da tela da kowa, kamar yadda muke yi ranar zaɓe. Na sa ta buɗa Juma'ar gaba, nan ma na dangwala, har muka kai bango.

"Inna, ai kin ɓata min littafi."

"Na gyara shi dai. Kuma wannan ba a soke shi, ba a yi masa kibiya."

Har yau ina nan kan bakana, littafin banza ne. Furar dai ba ta ƙara kwana ba.